Ƙuri'ar dattijan Maraɗi da ɗan takara mai sassaucin ra'ayi

Tun shekarar 1993, lokacin da ƴan Nijar suka fara zaɓen shugaban ƙasa tsakanin ƴan takara masu yawa, akwai wata tambaya da ba ta bar zaurukan Maraɗi ba. Malamai sun tattauna ta bayan sallar Juma'a, alhazai sun ja ta a rumfunan kasuwa, dattijan Tibiri da manoman Jiratawa sun kwana da ita. Ga tambayar: magidancin da ke riƙe da addininsa da al'adar gidansu, wanda ba ya son hukuma ta sa masa hannu cikin sha'anin aure da saki da gado da tarbiyyar ɗiya, shin ya dace ya ba da ƙuri'arsa ga ɗan takarar shugaban ƙasa mai sassaucin ra'ayi a kan waɗannan al'amura?

Wajibi ne a fara da bayyana wanda ake nufi da mai sassaucin ra'ayi, domin sau da yawa gardama takan yi zafi ne saboda kowa da abin da ya fahimta. Mai gaba da addini ba ya cikin wannan magana, don irinsa ba shi da kasuwa a Nijar. Ana nufin Musulmi mai salla da azumi, wanda duk da haka yake cewa a bar yarinya a lakwal har ta yi hankali kafin a ɗaura mata aure, yake maganar tazarar haihuwa a bainar jama'a, yake son a ƙara yawan mata a majalisa, yake kuma ganin gwamnati ta tsaya a matsayin ta kowa da kowa, kada ta zama ta wata ɗariƙa ko ta wata ƙungiya.

A halin yanzu babu zaɓe a gaban jama'a. Sojoji sun karɓi mulki ranar 26 ga watan Yuli 2023, aka dakatar da tsarin mulkin 2010, kuma a watan Maris 2025 aka rushe jam'iyyun siyasa, aka ɗibar wa mulkin Janar Abdurahaman Ciyani wa'adin shekara 5. To, wannan ne ma ya sa lokaci ya yi da za a auna maganar cikin natsuwa, tun babu kiɗa, babu maroƙa, babu mai raba turamen atamfa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da shekara 30 na zaɓe suka nuna kuwa shi ne, mai riƙon addini da al'ada yana iya mara wa irin wannan ɗan takara baya ba tare da ya sayar da kome nasa ba, muddin ya san abin da ya tambaya kafin ya jefa ƙuri'a.

Da farko, masu riƙo a ƙasar Maraɗi ba tsintsiya ɗaya ba ne. Kowa ya san asalin garin: sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa mulkinsu nan bayan mutanen jihadi sun ci Birnin Katsina a 1807, su kuma Gobirawa suka gina Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Fadar Maraɗi tana da Iya, fadar Tibiri tana da Inna, sarautu ne na mata masu nauyi waɗanda bori ke ƙarƙashinsu tun kaka da kakanni. Wannan riƙo ne na gargajiya. Daga baya, cikin shekarun 1980, koyarwar Izala, wadda aka kafa ƙungiyarta a Jos a 1978, ta shigo Maraɗi ta hanyar fatauci da karatu, wasu manyan alhazai suka tallafe ta da masallatai da makarantun Islamiyya. Wannan kuma riƙo ne na sunna, kuma yawancin abin da na farko ke kira gadon iyaye, na biyu bidi'a yake kiransa. Ga kuma malaman Tijaniyya da na zaure, waɗanda suka sha gardama da ƴan Izala a kan maulidi da sadakar mamaci da tsadar biki. Ɗan takarar da zai gamsar da ɗaya daga cikin waɗannan ɗari bisa ɗari, lalle ya ɓata wa sauran. Saboda haka, idan an ce a jira ɗan takarar masu riƙo, sai a tambaya: na wane ɓangare? Bugu da ƙari, tsarin mulkin 2010, kamar waɗanda suka gabace shi tun 1992, ya hana kafa jam'iyya da sunan addini ko ƙabila ko yanki. Duk zaɓen da aka yi a ƙasar nan, zaɓe ne tsakanin ƴan boko masu sassauci, wani ya fi wani kaɗan.

Babban abin da ke tsorata magidanta shi ne dokar iyali, wadda ake kira kod. Tsoron ba na banza ba ne, amma ya kamata a dubi yadda tarihinta ya gudana. Tun zamanin marigayi Seyni Kunce, bayan kafa Ƙungiyar Matan Nijar a 1975, aka fara maganar rubuta ta. Aka kammala wani daftari a 1993, shekarar da Mahaman Usman ya ci zaɓe da kashi 54 cikin 100 a zagaye na biyu. Ƙungiyoyin addinin Musulunci suka tashi tsaye, suka yi wa'azi, suka yi taruka, a 1994 gwamnati ta mai da daftarin cikin akwati. A 1999, zamanin Dauda Malam Wanke, Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da wariya ga mata, amma ta rubuta cewa ba ta ɗauki wasu sassan da suka shafi aure da gado da mazaunin iyali ba. A watan Yuni 2006 aka kawo yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin matan Afirka gaban Majalisar Dokoki a Yamai, depite 42 suka ƙi, 31 suka yarda, ta faɗi. A 2011 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Salu Jibo ta sake fito da wani daftari da sabon suna, aka yi masa ca, aka janye shi. A 2012, zamanin Mahamadu Isufu, wata doka ta kare karatun ɗiya mata ta je majalisa, malamai suka nuna rashin yarda, ba ta wuce ba.

Shugabanni biyar ke nan, farar hula da soja, masu ra'ayi dabam-dabam, kuma babu ɗaya da ya iya shigar da dokar iyali gidan kowa. Abin da ya tsare ƙofar shi ne baki ɗaya na ƙungiyoyi, da mumbarin Juma'a, da gidajen rediyo masu zaman kansu, da depite waɗanda suka san za su koma Madarumfa da Gidan Rumji neman ƙuri'a. Har ila yau, tun dokar 1962 ta tsarin shari'a, alƙalin gwamnati yana yanke hukuncin aure da saki da gado ne bisa al'adar masu ƙara, da mashawarta masana al'ada da addini zaune kusa da shi, kuma kafin magana ta kai gare shi, sarki ko mai gari ya riga ya gwada sulhu. Wannan tsari ya rayu ƙarƙashin kowane shugaba.

Labarin marigayi Tanja Mamadu ya isa a tsaya a kansa, domin Maraɗi ta san shi tun yana perfe a nan daga 1976 zuwa 1979. Da ya ci zaɓen 1999, jama'a da dama suna kallonsa a matsayin dattijo, baban talakawa, mutumin karkara wanda ba ruwansa da sababbin ɗabi'u, kuma da Alƙur'ani ya yi rantsuwar kama aiki. To, a zamaninsa ne, watan Yuni 2000, aka kafa dokar da ta ware wa mata aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi. Majalisar 1999 mace ɗaya tak ke cikinta, ta 2004 kuwa mata 14. A zamaninsa ne aka yi bikin nuna tufafi na FIMA kusa da Yamai a watan Nuwamba 2000, duk da kukan malamai. Tarzoma ta tashi a Yamai da Maraɗi, aka ƙona gidajen giya, aka far wa gidajen mata masu zaman kansu da wuraren ibadar Kirista, gwamnati kuma ta kama mutane, ta rushe wasu ƙungiyoyin addini. Gwamnatinsa ce kuma ta kai yarjejeniyar Maputo majalisa. Ba a kawo wannan don a zargi marigayin ba. An kawo shi ne don a ga cewa rawani da furfura da yawan ambaton Allah a dandalin kamfe ba su faɗa wa mai zaɓe abin da shugaba zai yi in ya zauna kan kujera, ga masu ba da bashi na ƙasashen waje a dama, ga asusu babu kome a hagu.

Akwai kuma abin da masu riƙo kan manta. A zamanin Kunce ƙungiyar Musulunci guda ɗaya ce hukuma ta yarda da ita, wadda aka kafa a 1974, kuma mai wa'azi ba ya hawa mumbari yadda ya ga dama. Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 ne ƙofa ta buɗe, ƙungiyoyi suka yawaita, ƴan Izala suka sami takardar izinin tasu, ADINI-Islam. Wato tsarin nan na raba gwamnati da addini, wanda wasu ke zagi a wa'azi, shi ne ya ba su bakin da suka kashe dokar iyali da shi. Ranar da aka sami shugaban da ya ɗauki ɓangare a addini, wani masallaci zai ji daɗi, wani kuma za a rufe shi, kuma babu mai tabbacin nasa ne zai tsira.

To, idan aure da gado ba a hannun shugaban ƙasa kaɗai suke ba, mene ne ke hannunsa? Mutanen Tibiri sun fi kowa sanin amsa. A 1985 aka fara shayar da garin daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi, ruwanta kuwa yana ɗauke da sinadarin fuluwor fiye da kima. Shekara kusan 15 yara suna sha. Dubbai haƙoransu suka rine, ɗaruruwa ƙasusuwansu suka lanƙwashe, wasu ba su ƙara tafiya daidai ba. Sai da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ɗaga murya, har ƙungiyar FIDH ta buga rahoto a 2002, sannan duniya ta ji. Babu wata dokar iyali da ta taɓa yi wa gidajen Tibiri ɓarnar da wannan ruwa ya yi musu. Abin da ya jawo shi sakaci ne na ma'aikata da rashin mai bincike a bayansu, kuma naɗa ma'aikata da bin sawunsu aikin shugaban ƙasa ne da ministocinsa.

Haka nan ranar 8 ga watan Nuwamba 2021, gobara ta kama azuzuwan zana a wata makarantar firamare cikin birnin Maraɗi, yara aƙalla 25 masu shekara 5 zuwa 6 suka rasu, wata bakwai kacal bayan irin wannan gobara ta ci yara 20 a Yamai. Iyayen waɗannan yara, da mai ɗariƙa da ɗan Izala da wanda ba ruwansa da ko ɗaya, makoki ɗaya suka zauna. Wanda ke kiran kansa mai kare iyali, in ya tambayi ɗan takara ra'ayinsa kan auren mace fiye da ɗaya, ya manta bai tambaye shi aji nawa na siminti zai gina ba, bai gama aikinsa ba.

Ga kuma tsaro. A ƙarshen 1999 jihar Zamfara ta Najeriya ta yi shelar aiki da shari'ar Musulunci, Katsina ta bi a 2000, har jihohi 12 suka shiga. Mutane da yawa a Maraɗi sun yi sha'awar abin, suna ganin maƙwabta sun sami shugabanni irin waɗanda ake so. Bayan shekara 20, a 2019, dubun-dubatar mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako iyaka suka fake a ƙauyukan Gidan Rumji da Madarumfa, suna gudun ƴan bindiga masu satar shanu da mutane, ɓarnar kuma ta biyo su har cikin ƙasar nan. Laifin ba na shari'a ba ne. Na masu mulki ne da suka ɗauki sunanta suka ci zaɓe, suka bar daji babu hukuma, makiyayi da manomi babu mai raba su da adalci. Matar da aka sace daga ɗakin mijinta, aka nemi miliyoyi kafin a sako ta, mutuncin gidanta ya riga ya zube, ko da wane irin wa'azi gwamna ya yi ranar rantsuwa.

Maganar Jiratawa ta fi waɗannan sarƙaƙiya, ta kuma fi su koyarwa. A farkon shekarun 1980 aka gyara gandun noman rani na kimanin ekta 500 a bakin Gulbin Maraɗi, aka raba wa magidanta. Jama'a ta yi ta ƙaruwa, gona ba ta ƙaruwa. Ƙidayar lafiya ta 2012 ta nuna mace a Nijar tana haihuwar ɗiya 7,6 a tsakaice, a jihar Maraɗi kuwa abin ya haura 8. Da ƙasa ta yi ƙaranci, abin da aka fara yankewa shi ne gamana, ƴar gonar da miji kan ba matarsa ta noma abin kanta. Wani bincike da aka buga a 2004 ya tarar a Jiratawa an sami ƴan mata da suka tashi ba su san riƙon hauya ba, ana cewa kulle ne, alhali kuwa a gidaje da yawa rashin gona ne aka sa wa rigar addini. Abin lura shi ne hanyar da mata suka bi don neman mafita. Rabon gado na Musulunci suka nema, wanda ya ba ɗiya mace rabin rabon ɗa namiji, a inda al'ada ta saba barin gona duka a hannun maza. A wannan wuri malami mai tsantseni da ɗan takara mai sassauci abu ɗaya suke so, wanda ke gefe guda kuwa shi ne ɗan'uwan da ya cinye gonar marayu. Ashe iyakar da ake shatawa tsakanin mai riƙo da mai sassauci ba kullum take bin inda ake zato ba.

Amma fa kada a ce babu hasara ko kaɗan. Wanda ya ce wa dattijan Maraɗi su ba da ƙuri'a su koma su yi barci, ya yaudare su. A ƙasar Senegal manyan shehunan Muridiyya da na Tijaniyya sun goyi bayan Senghor, Kirista, shekara da shekaru, suka sami kuɗin gyaɗa da girmamawa, har babban masallacin Tuba aka buɗe a zamaninsa a 1963. Duk da haka a 1972 gwamnatinsa ta kafa dokar iyali bisa rashin yardarsu. Gaskiya ne dokar ta bar wa namiji zaɓin mace ɗaya ko fiye, ta bar wa mai so rabon gado na Musulunci, amma ta mai da saki hannun alƙali, kuma khalifan Muridiyya na lokacin sai da ya ce ba za ta yi aiki a Tuba ba. Jam'iyya ɗaya ce ke da majalisar Senegal a wancan zamani, babu depiten da zai ce a'a. Darasin a nan shi ne, goyon bayan shugaba mai sassauci ba shi da haɗari matuƙar akwai majalisa mai rai; in babu ita, sai abin da ya ga dama.

A Nijar ma an ga alamar haka. Abin da majalisa ta ƙi a 2012, gwamnatin Isufu ta dawo da wani sashe nasa ranar 5 ga watan Disamba 2017 ta hanyar ƙudurin majalisar ministoci, wanda ya ɗora wa hukuma kare karatun yarinya har shekara 16. Mohamed Bazum, wanda ya ci zagaye na biyu na ranar 21 ga watan Fabrairu 2021 da kashi 55 da ɗoriya a kan Mahaman Usman, bai ɓoye ra'ayinsa ba: ya yi maganar yawan haihuwa da auren wuri a fili, ya fara gina makarantun kwana na ƴan mata, a 2022 kuma ya ce ministan da ke cikin gwamnatinsa ba zai ƙara aure ba. Wannan magana ta ƙarshe ta ɓata wa mutane da yawa rai, kuma da dalili, don abin da addini ya halatta ba a bakin shugaban ƙasa haramcinsa yake ba. Sai dai ta tsaya a magana, ba ta zama doka a kan kowa ba. Makarantar kwana kuwa, in an duba da idon basira, amsa ce ga kukan iyaye na karkara da kansu, waɗanda ke cire yarinya daga koleji don ba su da amintaccen gidan da za ta sauka a birni.

A kan auren wuri, gaskiya ɗaya ce ko da ta yi ɗaci. Ƙidayar 2012 ta nuna mata 3 cikin 4 a Nijar an aurar da su kafin shekara 18, kuma Maraɗi ce kan gaba. Asibitin masu yoyon fitsari da aka buɗe a Danja, kudu da Maraɗi, a 2012, ba don ado aka gina shi ba. Doguwar naƙuda ba tare da likita kusa ba ita ke kai mata can, yarinyar da jikinta bai ƙosa ba kuwa ta fi kowa shiga haɗarin. Uba yana aurar da ɗiyarsa da wuri ne don tsoron abin kunya, ko don babu makaranta, ko don babu hatsi a rumbu. Ɗan takarar da ya zo da makaranta mai katanga da malama mace da abinci, ya rage wa uban nan tsoro biyu cikin uku. Wanda ya zo da ɗan sanda da tara kaɗai, shi ne ya kamata a guje wa, ko da wace riga ya sanya.

Saura yadda za a yi cinikin, domin ƙuri'a amana ce, kuma ba a ba da amana ba tare da sharaɗi ba. A Mali, majalisa ta amince da dokar iyali a watan Agusta 2009, Majalisar Ƙoli ta Musulunci ƙarƙashin Imam Mahmud Dikko ta cika filin wasa na Bamako da jama'a, Shugaba Amadu Tumani Ture ya ƙi sa hannu, aka sake rubuta ta, aka amince da gyararriya a 2011. Wannan nasara ce ta haɗin kai a kan magana guda sananniya. Amma a 2013, malamai da yawa suka rungumi Ibrahim Bubakar Keita baki ɗaya, suka mai da shi ɗan takararsu. A 2020 shi Imam Dikko ne ya jagoranci masu neman ya sauka. A Amurka ma an yi irin wannan gardama a 2007, lokacin da Rudi Juliyani, tsohon magajin garin Niyok, wanda bai yarda a haramta zubar da ciki ba, ya nemi takarar jam'iyyar Rifablikan. Wani babban mai wa'azin Kirista, Pat Robertson, ya goya masa baya saboda tsaro da alkawarin irin alƙalan da zai naɗa, wani kuma, James Dobson, ya ce ba zai taɓa zaɓensa ba. Juliyani bai kai ko'ina ba. A 2016 kuwa masu riƙon addini na can suka zaɓi Donal Turam, wanda ba a san shi da ibada ba, bayan ya buga sunayen alƙalan da zai zaɓa daga ciki. A 2022 kotun ƙoli ta soke hukuncin 1973 da suka yi kusan shekara 50 suna yaƙa. Ko an yarda da manufarsu ko ba a yarda ba, sun nemi abu ƙididdigagge a rubuce, suka kuma samu.

Irin wannan sharaɗi ne ya dace da Maraɗi, kuma ba shi da yawa. Ɗan takara ya faɗa a fili, ya kuma rubuta, cewa duk abin da ya shafi aure da saki da gado sai ya bi ta majalisa bayan shawara da malamai da sarakuna da ƙungiyoyin mata, ba za a shigo da shi ta taga ba. Ya yarda mashawartan al'ada su ci gaba da zama kusa da alƙali. Ya yi alkawarin ba zai rufe masallaci ko ƙungiya don ta soke shi ba, sai in ta ɗauki makami ko ta tunzura a ƙona dukiyar wani. Wanda ya amsa waɗannan, ya kuma fi abokin takararsa gaskiya da iya aiki, babu dalilin da zai hana liman ko alhaji ko mai unguwa ya zaɓe shi, su kuma ajiye ƙarfinsu ga zaɓen depite, inda maganar iyali take yankuwa. Wanda ya ƙi amsawa, ko wanda ke da baki biyu, ɗaya na Hausa a dandalin Maraɗi, ɗaya na Faransanci a gaban baƙi, wannan kam a bar shi, ko da ya fi kowa tsawon carbi.

Sharaɗin yana da nauyi a kan masu zaɓe su ma, musamman waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci. A watan Yuni 2019, lokacin da gwamnati ta kai dokar tsara sha'anin ibada majalisa, wani limami na unguwar Zariya a Maraɗi ya ce dokar gaba ce da Musulunci. Aka kama shi, matasa suka fito, aka ƙona wata coci. Da aka sako shi, ya nemi gafarar jama'a, ya ce waɗanda suka fassara masa takardar daga Faransanci zuwa Hausa ne suka ɓatar da shi, kuma ba ita ce takardar gwamnati ta ainihi ba. Malamin ya yi abin da ba kowa ke iyawa ba da ya fito ya faɗi haka, amma cocin ta riga ta ƙone. Laifi ya rabu biyu: hukuma ba ta fassara dokarta ta baza ba kafin jita-jita ta riga ta, jama'a kuma ba su nemi ganin takardar da idonsu ba. Kundin da aka kafa a watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa. Saboda haka duk wanda zai zo neman shugabanci nan gaba, ana iya tambayarsa manufofinsa a rubuce da Hausa, da sa hannunsa a ƙasa, a karanta su a zauren Sarkin Katsinan Maraɗi, da fadar Sarkin Gobir a Tibiri, da rumfar ƙungiyar manoman Jiratawa, a kuma ajiye kofi guda wurin liman har ƙarshen wa'adinsa.